Yadda ake gwada falle mai kaurin zarra ɗaya a kwamfuta don gano ko zai shinshino iska mai guba

A tsakiyar hunturu, a Katsina da Daura da ƙauyukan da ke tsakaninsu, gidaje da yawa kan shigo da kaskon garwashi ɗaki su ja ƙofa. Da bazara kuwa janareta ne ke ruri a zaure ko a bakin shago. Duka biyun suna fitar da iskar kabon monoksaid (CO), wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jinin mutum fiye da yadda oksijin ke kama shi sau sama da 200. Ga amoniya (NH3) da ke tashi a gidajen kaji da gonakin da aka watsa wa takin yuriya, ga H2S mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta cikin salga da tsohuwar rijiya, ga naitirojin dayoksaid (NO2) ta hayaƙin inji. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2021, ta sa iyakar NO2 a maikirogiram 25 cikin kowace kubik mita ta iska a matsakaicin awa 24, ta CO kuma miligiram 4. Hanci ba ya auna irin wannan, sai na'ura.

Na'urorin shinshina da ɗalibanmu suka saba haɗawa da Arduino, irin su MQ-7 da MQ-135, an gina su ne a kan SnO2, kuma sai wata 'yar waya ta gasa sinadarin ya yi zafi sosai kafin ya fara aiki. Suna cin batir, suna kuma rikita wata iskar da wata. Shi ya sa idon masu bincike ya koma kan kayan da kaurinsu bai wuce zarra ɗaya zuwa 'yan kaɗan ba, waɗanda zan riƙa kira falle. Irin wannan abu ba shi da ciki, duk jikinsa fuska ce, don haka kowace ƙwayar iska da ta sauka a kansa tana taɓa yadda yake ɗaukar lantarki. Andre Geim da Konstantin Novoselov ne suka ɓanɓaro girafin, falle mai kaurin zarrar kabon ɗaya, daga girafait a Jami'ar Mancesta ta Ingila a 2004, suka sami kyautar Nobel a 2010. A 2007 rukuninsu ya nuna cewa fallen girafin na iya jin saukar ƙwayar NO2 guda ɗaya tak.

Ƙera irin wannan na'ura sai da ɗakin gwaji mai tsada. Amma tambayoyin da ke gaban ƙira, wato wane falle ne zai kama wace iska, da wane ƙarfi, kuma zai sake ta ko ba zai saki ba, da lissafi ake amsa su. Hanyar lissafin ita ce DFT, mai fitar da kuzarin abu daga yadda ilektiron suka bazu a cikinsa, wadda Hohenberg da Kohn suka aza harsashinta a 1964, Kohn da Sham suka mai da ita abin aiki a 1965. Ɗalibin Fiziks ko Kemistiri a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma zai iya wannan aiki da laftof ɗinsa. Kai nake yi wa bayani, ƙanena, kuma zan bi da kai ta misali ɗaya: NO2 a kan girafin.

Da farko: fara da abin da aka san amsarsa

Na san zuciyarka za ta so ka fara da sabon falle da ba wanda ya taɓa lissafawa. Ka dakata. A 2008 Leenaerts da Partoens da Peeters na Jami'ar Antwerp a Beljiyam sun lissafa H2O, NH3, CO, NO da NO2 a kan girafin. Sun samu cewa NO2 da H2O suna karɓar caji daga girafin, NH3 da CO da NO kuma ba shi suke yi, sannan NO2 ce ta fi kowa, tana jan kusan kashi ɗaya cikin goma na ilektiron guda. Idan tsarinka bai nuna wannan alkibla ba, to matsalar tana tsarinka, kuma gara ka gano ta a nan da ka gano ta a gaban malaman da za su zauna kan furojet ɗinka.

Bayan girafin sai ka matsa zuwa MoS2, mai gibin kuzari (kuzarin da ilektiron ke buƙata kafin ya ɗauki lantarki) kusan 1.8 eV a falle ɗaya, ko fosforin da aka fitar a 2014, ko dangin MXene da aka fara samu a Jami'ar Drexel ta Amurka a 2011. Matakan duk ɗaya ne.

Kayan aiki

Laftof mai RAM 8 GB zai yi, mai 16 ya fi. Ka sa Ubuntu, ko ka kunna WSL idan Windows kake amfani da shi. Manhajar lissafin ita ce Quantum ESPRESSO, kyauta ce, kuma umarnin `sudo apt install quantum-espresso` zai sauko maka da ita. VASP da kake yawan gani a maƙalu na kuɗi ne, sai da lasisi, kuma ba ka buƙatarsa don wannan aiki. Ka ƙara VESTA don ganin ƙwayoyin zarra da ido, da ASE ta Python don gina tsari. Sai fayilolin da ke wakiltar tsakiyar kowace zarra, masu ƙarewa da UPF: ka ɗauko na C da N da O da H daga tarin SSSP a shafin Materials Cloud, domin an gwada su an kuma rubuta iyakar kuzarin (`ecutwfc`) da kowanne ke so. Duka su zama na PBE, ɗaya daga cikin hanyoyin kimanta hulɗar ilektiron a DFT. Kada ka gauraya na PBE da na wata hanyar, irin LDA, a lissafi ɗaya.

Maganar wuta ba a barin ta sai ta faru. A kowane dogon lissafi ka sa `max_seconds`, misali 7000, domin manhajar ta tsaya da kanta ta adana inda ta kai kafin batir ya ƙare. Idan wuta ta dawo sai ka sa `restart_mode = 'restart'` ka ci gaba. Idan kuma tsayawar ta zo ba shiri, ƙirƙiri fayil fanko mai sunan `girafin.EXIT`, wato sunan da ka ba aikin sannan EXIT, a foldar da kake aiki, za ta tsaya cikin tsari. A watan Afrilu kuwa ka ɗaga laftof ɗin daga kan katifa, ka ba shi iska, domin idan ya yi zafi da kansa yake rage gudu.

Ƙaramin akwati da gwajin natsuwa

Girafin zobba ne masu kusurwa shida na kabon, tsakanin zarra da zarra 1.42 Å (Å ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan goma na mita), kuma ƙaramin akwatin da ke maimaita kansa yana da zarra biyu, tsawon gefensa 2.46 Å. Quantum ESPRESSO tana maimaita akwati ta kowace fuska, har sama da ƙasa, don haka dole ka bar sarari fanko a saman fallen don kada ya ji hotonsa na sama. Tsayin 20 Å ya wadatar. Ga fayil na farko:

```
&CONTROL
 calculation = 'vc-relax'
 prefix = 'girafin'
 outdir = './tmp'
 pseudo_dir = './pseudo'
 forc_conv_thr = 4.0d-4
/
&SYSTEM
 ibrav = 4, a = 2.46, c = 20.0
 nat = 2, ntyp = 1
 ecutwfc = 50, ecutrho = 400
 occupations = 'smearing'
 smearing = 'mv', degauss = 0.01
 vdw_corr = 'grimme-d3'
/
&ELECTRONS
 conv_thr = 1.0d-8
/
&IONS
/
&CELL
 cell_dofree = '2Dxy'
/
ATOMIC_SPECIES
C 12.011 C.pbe-n-kjpaw_psl.1.0.0.UPF
ATOMIC_POSITIONS crystal
C 0.333333333 0.666666667 0.5
C 0.666666667 0.333333333 0.5
K_POINTS automatic
18 18 1 0 0 0
```

Ka tayar da shi da `mpirun -np 4 pw.x -in girafin.in > girafin.out`. Layin `2Dxy` yana hana akwatin tsukewa ta sama ya cinye sararin da ka bari.

Kafin ka yarda da 50 da 18 da ke cikin fayil ɗin, sai ka gwada su da kanka. Mai da `calculation` zuwa `scf`, wato lissafin kuzari ba tare da motsa zarra ba, ka maimaita lissafin da `ecutwfc` 30, 40, 50, 60, 70, kana riƙe `ecutrho` a ninki takwas. Rubuta jimillar kuzarin kowanne, wadda ke kan layin da ya fara da alamar motsin rai a fayil ɗin sakamako. Inda ƙarin ya daina canza kuzarin da fiye da kamar 1 meV a kowace zarra, nan lissafi ya natsu. Haka za ka yi wa ɗigon k, wato ragar da ke layin `K_POINTS`: 6, 9, 12, 15, 18, 21. Ka lura duk lambobin nan uku na raba su. Ba haɗari ba ne: a girafin duk abin da ya shafi lantarki yana faruwa ne a wani ɗigo na musamman da ake kira kusurwar K, kuma ragar da uku ba ta raba ba tana tsallake wannan kusurwa. Lamba ta uku kullum 1 ce, tunda babu komai a sama sai sarari.

Idan N da O suka shigo, iyakar kuzarin da za ka yi amfani da ita a duk lissafin ita ce ta wanda ya fi buƙata, galibi O. Wannan mataki yana da gundura, kuma shi ne aka fi tsallakewa. A ganina duk sakamakon da ba gwajin natsuwa a bayansa ba a kafa hujja da shi.

Wani abu da ke kayar da mutane da yawa: manhajar tana ba da jimillar kuzari a Ry, maƙalu kuma suna rubutawa a eV. Ry ɗaya 13.6057 eV ne.

Faɗaɗa fallen

Idan ka ɗora NO2 a ƙaramin akwati, za ta yi cunkoso da hotunanta na gefe. Sai ka ninka akwatin 4 × 4, ya zama zarra 32, gefensa kusan 9.84 Å. Mai 5 × 5 yana da zarra 50 da gefe 12.3 Å, ya fi kyau idan laftof zai ɗauka. A ASE layi ɗaya ne, `atoms.repeat((4,4,1))`. Tunda akwatin ya girma, ragar k ta ragu: 6 × 6 × 1 don sassauta tsari, 12 × 12 × 1 ko fiye don duba yanayin lantarki. Yi `relax`, wato barin zarrori su motsa har su natsu, a kan fallen shi kaɗai, ka ajiye kuzarinsa. Wannan ita ce lamba ta farko.

Iskar ita kaɗai

Sa ƙwayar NO2 a cikin akwati mai girman na fallen, da iyakar kuzari iri ɗaya, da gyaran D3 (layin `vdw_corr`) a kunne, ka yi `relax`. Ya kamata ka sami tsawon N–O kusan 1.2 Å da kusurwa kusan digiri 134. NO2 tana da ilektiron ɗaya marar abokin zama, don haka tana da maganaɗisu, kuma dole ka sa `nspin = 2` da `tot_magnetization = 1`. Haka NO. O2 kuwa 2 za ka sa. Wanda ya manta wannan zai sami kuzarin ƙwayar ya hau fiye da gaskiya, sai mannewar ta fito da ƙarfin da ba ta da shi. CO da NH3 da H2S da H2O ba sa buƙata. Wannan ce lamba ta biyu.

Ɗora iskar a kan fallen

A girafin wuraren sauka uku ne: daidai kan zarrar kabon, kan tsakiyar haɗin zarra biyu, da tsakiyar zobe. NO2 kuma tana iya zuwa da O biyu a ƙasa, ko da N a ƙasa, ko a kwance. Uku sau uku, tsari tara ke nan, kuma kowanne sai an yi masa nasa `relax`. Dalili shi ne manhajar tana gangarawa ne zuwa kwarin da ya fi kusa da inda ka ajiye ta, ba ta zagaya ta nemo wanda ya fi zurfi. Wanda ya gwada tsari ɗaya ya rubuta sakamako bai san ko a kan tudu ya tsaya ba.

Fara da tazarar kusan 3 Å tsakanin ƙwayar da fallen. Ka ɗan karkatar da ita kaɗan, ko ka sa `nosym = .true.`, don kada daidaiton siffa ya daskarar da ita a inda bai kamata ba. A nan ka kunna `nspin = 2` da `starting_magnetization` a kan N, amma ka bar jimillar maganaɗisun ta nemi kanta, tunda caji zai yi ƙaura. Kasancewar iskar tana gefe ɗaya kawai, caji ya rabu sama da ƙasa, kuma wannan yakan haifar da filin lantarki na ƙarya a cikin sararin. Maganinsa `assume_isolated = '2D'`, da sharaɗin fallen ya zauna a kusa da z = 0, ko kuma `tefield` da `dipfield` tare. Duk wanda ka zaɓa, ka koma ka yi amfani da shi a lambobi biyun farko ma.

Kada ka kashe D3. PBE, wanda Perdew da Burke da Ernzerhof suka fitar a 1996, kusan makaho ne ga raunanan jan nan na van der Waals, alhali a girafin tsantsa shi ne yawancin abin da ke riƙe iskar. Gyaran D3 na Grimme ya fito a 2010, ba ya ƙara wa lissafi nauyin a-zo-a-gani, kuma yana iya ninka kuzarin mannewa sau da yawa. Don haka idan lambarka ta fi ta maƙalar 2008 girma kada ka firgita, su ba su sa irin wannan gyara ba.

Kuzarin mannewa, da abin da yake nufi

Kuzarin mannewa shi ne kuzarin falle da iska a haɗe, a cire na fallen shi kaɗai, a cire na iskar ita kaɗai. Idan ya fito ƙasa da sifili, iskar tana son zama. Ka ɗauki tsarin da ya fi ƙasa cikin taran. A girafin tsantsa za ka ga 'yan ƙananan lambobi, wajen −0.1 zuwa −0.2 eV ga yawancin iskokin nan, da tazarar kusan 3 Å: sauka ce kawai, ba a ƙulla haɗin sinadari ba. Idan ka ga tazarar ta sauko ƙasa da 2 Å, kuzarin ya kai −1 eV ko fiye, siffar ƙwayar ta canza, to an ƙulla.

A nan ne nake son ka tsaya ka yi tunani, domin nan aka fi yin kuskure. Sau da yawa za ka karanta an ce falle kaza ya kama iska kaza da −2 eV, saboda haka zai yi na'urar shinshina mai kyau. Ba haka ba ne. Abin da ya kama ya ƙi saki matattarar guba ce, tana da nata amfanin, amma ba ta auna komai bayan ranar farko. Ga na'urar shinshina, ƙwayar iska baƙuwa ce, kuma baƙo raɓa ne: ta sauka, a ji saukarta, ta tashi.

Ana kimanta tsawon zamanta da τ = ν⁻¹ exp(E/kT), inda E girman kuzarin mannewa ne, ν kuma yawan yunƙurin tashi, wanda aka saba ɗauka a 10¹² a daƙiƙa. A zafin 300 K, kT ya kama 0.0259 eV. Ka lissafa da kanka ka gani. A 0.2 eV ƙwayar tana tashi cikin kusan kashi biyu cikin biliyan na daƙiƙa. A 0.5 eV, kusan rubu'in kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A 0.8 eV, kusan daƙiƙa 27. A 1.0 eV, sama da awa 17. A 1.2 eV, sama da shekara huɗu. Dubi yadda ƙarin 0.2 eV kacal ke kai ka daga daƙiƙoƙi zuwa awoyi, daga awoyi zuwa shekaru. Abu biyu ke fitowa daga nan. Na ɗaya, tagar da ake nema ƙunƙuntacciya ce, wajen 0.4 zuwa 0.8 eV. Na biyu, kuskuren 0.1 eV a lissafinka yana canza τ kusan sau 48, kuma wannan ne ya sa na matsa maka kan gwajin natsuwa.

Kuma kada ka tsaya a 300 K don kawai haka kowa ke yi. Na'urar da za ta zauna a shago a Ƙofar Ƙaura cikin bazara za ta ga digiri 40, wato 313 K. A wannan zafi daƙiƙa 27 ɗin nan ta koma kusan 8, awa 17 ta koma uku da rabi. Ka ba da τ a zafi biyu ko uku, har da na asubahin hunturu.

Shin fallen ya ji saukar?

Mannewa kaɗai ba sigina ba ce. Dole wani abu da ake iya aunawa da waya ya canza.

Fara da ƙaurar caji. Da `pp.x` fitar da yawan caji na tsarin haɗe, sannan na fallen da na iskar kowanne shi kaɗai, amma a daidai wuraren da suke cikin tsarin haɗen, ba tare da sake sassauta su ba. Cire biyun daga na farko, ka buɗe a VESTA, za ka ga inda caji ya taru da inda ya ragu. Don samun lamba, yi amfani da manhajar Bader ta rukunin Henkelman na Jami'ar Texas da ke Austin. `projwfc.x` ma tana ba da cajin Löwdin. Hanyoyin biyu ba sa ba da lamba ɗaya, domin babu wata iyaka ta zahiri tsakanin zarra da zarra, kowace hanya da inda take ja layinta. Don haka ka faɗi wadda ka bi, kuma ka fi dogara da alkibla da jerin girma fiye da lamba ta uku bayan ɗigo.

Sai yanayin kuzarin ilektiron. Yi `scf`, ka bi da `nscf` mai raga mai yawa, sannan `dos.x` da `projwfc.x`. Girafin ba shi da gibi, don haka abin dubawa shi ne matsayin Fermi, wato matakin kuzarin da ilektiron suka cika zuwa gare shi, dangane da wurin da layukan kuzari suka haɗu a K. NO2 tana jan ilektiron, sai matsayin Fermi ya sauka ƙasa da mahaɗar. A falle mai gibi kamar MoS2, ka duba ko gibin ya canza ko kuma sabon mataki ya bayyana a cikinsa. A kimantawa mai sauƙi ɗaukar lantarki yana bin exp(−Eg/2kT), inda Eg girman gibin ne, wato raguwar gibi da 0.1 eV na iya ninka shi kusan sau bakwai a 300 K. Ka sani PBE yana rage girman gibi. HSE06, wani madadin PBE, ya fi shi daidai amma nauyinsa ya fi ƙarfin laftof a akwatin MoS2 mai zarra 48, don haka ka kafa hujjarka a kan canjin gibin, ba girmansa ba.

Na uku, kuzarin da ake buƙata a fizge ilektiron daga fallen. `pp.x` da `plot_num = 11`, sannan `average.x`, za su ba ka ƙarfin lantarki a tsakiyar sarari. Cire matsayin Fermi daga ciki. Na farkon yana zuwa a Ry, na biyun a eV, ka daidaita su kafin ka cire. Girafin tsantsa a PBE yana ba da wajen 4.2 zuwa 4.3 eV. Idan ka sami haka, hanyarka daidai ce.

Abokan gasa

Iskar da muke shaƙa kusan kashi 78 cikin ɗari N2 ce, 21 O2, ga CO2 ga tururin ruwa. Gubar da kake nema 'yan ƙwayoyi ne cikin miliyan. Idan fallenka ya kama ruwa ko O2 da ƙarfin da ya kai na gubar, kafin ita ta iso an cika wuraren zama. A ƙasarmu wannan ba ƙaramar magana ba ce: iskar Janairu busasshiya ce ƙayau, ta Agusta kuwa jiƙe take da laima, kuma na'ura ɗaya ce za ta yi aiki a duka biyun. Saboda haka duk abin da ka yi wa NO2 ka maimaita wa H2O, O2, N2 da CO2. Aikin ya ninka, na sani, amma furojet ɗin da ya nuna falle ya zaɓi guba ya bar ruwa ya fi mini wanda ya jera guba goma bai taɓa ruwa ba. Idan lokaci ya ba ka, ka ɗora ƙwayar ruwa tukuna, sannan ka kawo gubar kusa da ita ka ga ko mannewar ta canza.

Gyara fallen

Za ka iske girafin tsantsa yana da rauni ga CO da NH3. Nan ne bincikenka na kanka zai fara. Cire kabon ɗaya ka sa B ko N ko Al ko S a gurbinsa, wanda a akwati mai zarra 32 ya kama kusan kashi 3 cikin ɗari. Ko ka bar gurbin fanko. A MoS2 gurbin S da ya ɓace shi ne lahanin da aka fi samu a zahiri, kuma iska ta fi son nan. Ko ka ɗora zarrar ƙarfe ɗaya, Pt ko Pd, a kai.

A 2009 Dai da Yuan da Giannozzi, wanda yana cikin jagororin Quantum ESPRESSO, sun gwada B da N da Al da S a girafin. Sun samu mai B yana kama NO da NO2, mai S yana kama NO2, mai Al kuma yana kama iskoki da yawa har da O2. Wato Al, da ya fi kowa ƙarfin kamu, shi ne ya fi rashin dacewa da iskar waje, domin oksijin zai riga kowa zama. Maimaita wannan sakamako shi ne gwajinka na biyu.

Kowane falle da ka gyara sai ka sake masa `relax` shi kaɗai da `nspin = 2`, domin lahani kan haifar da maganaɗisu, kuma ka fara da ɗan ɗaga baƙuwar zarrar sama da shimfiɗar, tunda manya irin Al da S ba sa zama a kwance, bulluƙowa suke yi. Ka lissafa kuzarin samuwar lahanin don a san ko zai yiwu a ƙera shi. Idan ƙarfe ka ɗora, ka gwada ƙarfin riƙonsa da fallen da ƙarfin riƙon ƙarfen da 'yan'uwansa: idan na biyun ya fi, zarrorin za su so dunƙulewa wuri ɗaya, kuma dole ka faɗi haka. Ga ƙarafa irin Fe da Co da Ni, ka duba ko gyaran DFT+U, da ake yi wa irin waɗannan ƙarafa, ya canza amsar.

Idan laftof ya gaza, da abin da za ka rubuta

Lissafin ratsawar lantarki ta cikin na'ura, wanda ke ba da layin karan da boltej kafin da bayan saukar iska, ana yin sa da TranSIESTA, wani ɓangare na manhajar SIESTA, ita ma kyauta ce. Idan ka koma SIESTA ka tuna tana amfani da tushe mai manne da kowace zarra, wanda ke ƙara wa kuzarin mannewa ƙarfin ƙarya sai an gyara, matsalar da Quantum ESPRESSO ba ta da ita. Gwajin ko sabon falle zai tsaya da ƙafarsa, da `ph.x` ko da motsin zarra a zafi, yana son babbar kwamfuta. A nan ne haɗin gwiwa ke amfani. Cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana horar da ɗaliban ƙasashe masu tasowa, kuma makarantar ASESMA, da aka fara a Afirka ta Kudu a 2010, an kafa ta ne don koya wa matasan Afirka wannan fanni. Ka nemi malamin da ke duba aikinka ya taya ka neman gurbi.

A rubutun ƙarshe, tebur ɗaya ya ɗauki kowace iska a layinta, har da H2O da O2: wurin sauka, tazara, kuzarin mannewa, cajin da ya ƙaura da hanyar da aka auna shi, canjin gibi ko matsayin Fermi, da τ a kowane zafi tare da ν ɗin da ka ɗauka. A babin hanya ka rubuta sigar manhajar, sunan kowane fayil na UPF, iyakar kuzari, ragar k, girman akwati, tsayin sarari da irin gyaran van der Waals. Ka faɗa a fili cewa lissafin na ƙwaya ɗaya ce a kan falle marar datti, a zafin 0 K, ba madogari a ƙarƙashinsa, ba ƙura a kansa, don haka abin da ka samu shawara ce ga mai ƙira kan wanda ya cancanci a gwada a ɗakin gwaji. Fayilolin shigarwa da na sakamako kuma ka ajiye su a wuri biyu, filasha da intanet, kowace folda da sunan falle da iska da wurin sauka, ka sa na shigarwar a rataye a ƙarshen furojet ɗin don ɗalibin da zai biyo bayanka a sashen ya ɗora daga inda ka tsaya.